Mai Jan Labule Shi Ma Yana Da Haƙƙi

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, yau za mu kai ku nesa, har birnin Niyok na ƙasar Amurka, gama akwai abin lura a can.

A birnin nan akwai unguwar da ake kira Burodwe, inda manyan gidajen wasan kwaikwayo suke. Mai kallo yakan biya kuɗinsa, ya ga 'yan wasa, ya yi tafi, ya koma gida. Ba ya ganin waɗanda suka sauke kaya daga mota, suka kafa dandali, suka hau sama suka ɗaura fitilu, suke jan labule. Su ne ma'aikatan bayan fage: kafintoci da masu aikin lantarki da masu ɗaukar kaya. Misalinsu kamar ɗan dako ne a kasuwa: kowa na yabon haja, ba mai tambayar wuyan da ya ɗauko ta.

A 2007 masu gidajen wasan suka nemi a rage yawan mutanen da tilas ne su ɗauka lokacin kafa kayan sabon wasa. Ma'aikata suka ce wannan rage musu abinci ne. Ran 10 ga Nuwamba suka shiga yajin aiki. Tun 1886 aka kafa ƙungiyarsu, ba ta taɓa rufe Burodwe ba sai ran nan. Wasanni 27 suka tsaya cik har kwana 19.

To, ga inda muke so ku lura. 'Yan wasa da makaɗa ba su da rigima da kowa, amma suka ƙi shiga aiki. Don me? Don a watan Maris na 2003, da makaɗa suka yi nasu yajin, ma'aikatan bayan fage da 'yan wasa sun tsaya musu, cikin kwana 4 aka sasanta. Biki aka yi musu, suka rama. A 2007 ma dole masu kuɗi suka zauna da masu jan labule, kowa ya sassauta, aka shirya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce, ina ruwan lebura da siyasa? Ruwansa ƙwarai! Dokar da ta tabbatar wa ma'aikatan Amurka ikon kafa ƙungiya da yin yaji, 'yan majalisa ne suka yi ta a 1935, zamanin Shugaba Roosevelt. 'Yan majalisa ne kuma suka rage mata ƙarfi a 1947. Wanda ke riƙe da alƙalamin doka, shi ke riƙe da tukunyar lebura.

Amma a yi hankali da daɗin baki. Ronald Reagan ɗan wasan fim ne, ya shugabanci ƙungiyar 'yan wasa, har ya ja su yajin aiki a 1960. A zaɓen 1980 ƙungiyar masu ba jiragen sama umarnin tashi da sauka ta mara masa baya. A watan Agusta na 1981 suka yi yaji, ya ce dokar ma'aikatan gwamnati ta hana, ya sallami fiye da mutum 11,000. Ashe tsohon katin ƙungiya a aljihu ba ya hana mutum mantuwa in ya hau kujera.

Saboda haka mu ra'ayinmu a fili yake. Muna tare da ƙungiyoyin ƙwadago, tun ba ma na waɗanda ba a ganinsu ba. Kuma ba ranar neman ƙuri'a ake gane abokin lebura ba, sai ranar da aka tsayar da albashi, yara na kukan yunwa. Duk ɗan takarar da ya zo rumfarku, mu ma har da namu, ku tambaye shi: ran da ma'aikata suka yi yaji, kana ina? Wace doka ka goyi baya dominsu? In ya soma kame-kame, kun san amsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ku kuma 'yan kasuwa, kada ku ce ba ruwanku. In albashin lebura ya yanke, cinikinku ne ya yanke. Ku riƙe ƙungiyoyinku, ku biya kuɗin wata, ku tsaya wa na kusa da ku, don gobe ku ne za ku nema.

Allah Ya sa mu gane, amin.