La'adar dillalin mai saye: wa zai biya?

Takieta tana kan mararrabar hanyar Damagaram zuwa Yamai da wadda ta nufi Matameye. Tun 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, bayan an cire ta daga Mirriya. Garin da ma'aikata da ƴan kasuwa ke sauka, cinikin gidaje yakan yawaita a cikinsa, dillalai ma haka.

Mutum yakan sa gidansa a kasuwa da kansa don gudun la'ada. Sai mai saye ya zo tare da dillali. A yi ciniki, a ce "Allah ya sa albarka", sannan dillalin ya miƙo hannu ga mai gida. Daga nan rigima take tashi.

Dillalin da mai saye ya kawo, aikin mai saye yake yi: ƙoƙarinsa farashi ya sauka. Dillanci sana'a ce halal, kuma la'ada haƙƙi ce, amma tana kan wanda ya amince da ita. Don haka, kafin ka faɗi kuɗin gidanka, tambaye shi a gaban shaidu: wa ya sa ka? Wa zai biya ka, kuma nawa? Wani dillalin yakan faɗa wa mai saye kuɗi sama da wanda ka yanka, ya riƙe rarar, ya kuma karɓi la'ada. Maganin wannan shi ne ku zauna ku uku wuri ɗaya, kuɗin ya fito daga bakinka.

Ko a Amurka sai da batun ya kai kotu. A 2024 ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar ta yarda ta biya dala miliyan 418, kuma tun watan Agusta na shekarar, dillalinta ba ya zagayawa da mai saye sai sun rubuta yarjejeniyar la'ada.

A rubuta taku, kuma a lura da lissafi. Misali, gidan sefa miliyan 2, idan an daidaita a kan kashi 5 cikin 100, la'adarsa jika 100 ce. A takarda za ka ga 100.000 F. Sifiri ɗaya da aka ƙara ya mayar da ita miliyan guda. Kada ka dangwala yatsa sai ka ƙidaya sifiran da kanka, ko wani amintacce ya karanta maka. A rubuta kuma cewa ba za a biya la'ada ba sai kuɗin gida sun shiga hannunka duka, an kuma kammala takardar sayarwa a ofishin magajin gari.