Zumunci da tsadar takarda

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A Amurka ta farko, inda ƴan'uwa suka warwatse neman ƙasar noma, a takarda take, ga ta da tsada.

Dokar gidan waya ta 1792 ta yanke kuɗin falle ɗaya bisa nisa: santi 6 har kilomita 48, santi 25 idan ta haura kilomita 720. Galibi mai karɓa ke biya. Don haka ake ninke fallen ba ambulan, wasu ma su cika shi su gicciya rubutu bisa rubutu. Talaka kuwa sai ya jira matafiyi, labarin haihuwa ko rasuwa ya iso bayan watanni.

Sai a 1845 kuɗin ya sauka zuwa santi 5 da 10. Mai karatu, wane uzuri ya rage mana?