Jirgin Ruwa Da Manomi A Akushi Ɗaya

Shekara ashirin da wani abu na yi ina koyar da ilimin sinadarai a sakandare kafin na ajiye alli na koma gona. A duk kwalaben ɗakin gwaji, babu wadda ɗalibai ke gudu kamar ta amoniya. Da an ɗaga murfi sai na gaba su ja da baya, ido na hawaye, hanci na raɗaɗi. Warin nan dai shi nake ji a gonata ta Giwa duk ranar da yara suka watsa yuriya ba su rufe da ƙasa ba. Shi ya sa da na ji masu jiragen ruwa sun fara zawarcin amoniya don ta gaje kujerar baƙin mai, sai na gyara zama.

Gaskiya suna da hujja. Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan da duniya ke cinikayya ta teku suke bi, har da atamfa da babur da injin markaɗen da ke ƙarewa a kasuwannin Kano. Man da jiragen ke ƙonawa kuwa dusar matatar mai ce, mai kauri kamar kwalta, sai an ɗumama shi kafin ya bi bututu. Hayaƙinsa ya kai kusan kashi 3 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. A 2023 hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, ta sa wa kanta wa'adin kawar da shi zuwa wajajen 2050. Batir ba zai kai jirgin kwantena daga Sin zuwa Legas ba. Haidirojin kuma sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili kafin ya zama ruwa, alhali amoniya digiri 33 ya ishe ta. Uwa uba, babu kabon a jikinta ko ƙwaya ɗaya, naitirojin ne da haidirojin kawai. A Maris na 2024 jirgin Green Pioneer na kamfanin Fortescue ya ƙona ta haɗe da dizal a Singafo, a watan Agusta kuma wani ƙaramin jirgi mai jan manya, Sakigake, ya fara aiki da ita a Japan.

Tambayar da nake yi ita ce wadda nake yi wa dillalin taki: daga ina kayan ya fito?

Duniya na sarrafa amoniya kusan tan miliyan 180 a shekara, ta hanyar da Jamusawa biyu, Haber da Bosch, suka buɗe, wadda masana'antarta ta farko ta tashi a 1913. Mafi yawanta daga iskar gas ake ciro haidirojin ɗinta, a Sin kuma daga gawayin kwal, hayaƙin kabon na tashi tun a masana'anta. Jirgin da ya sha irin wannan amoniya bai rage komai ba, bututun hayaƙinsa kawai ya ajiye a kan tudu. An gudu ba a tsira ba ke nan. Mai tsabtar ita ce wadda ake yi da lantarkin rana da iska, a raba ruwa a samu haidirojin, irin wadda Saudiyya ke gina wa masana'anta a Neom da niyyar fitar da tan miliyan 1.2 a shekara. Ita kuma har yanzu kaɗan ce, ga tsada.

Yanzu a yi lissafi irin na ɗan aji uku. Jiragen duniya na shan mai kusan tan miliyan 300 a shekara. Tan guda na amoniya bai kai rabin ƙarfin tan guda na baƙin mai ba. Ke nan in duka suka koma kanta, sai an nemo sama da tan miliyan 600, fiye da ninki uku na abin da ake yi yau. Wanda ake yi yau ɗin kuwa, kusan kashi 70 cikin 100 taki ne. Nan jirgi ya sa hannu a akushina.

Wani zai ce ai muna da namu, ga masana'antar Dangote a Lekki mai iya fitar da yuriya tan miliyan 3 a shekara, ga Indorama a Eleme. To, mun dai ga 2022. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin gas da taki, buhun da aka cika a gida ma ya bi sahu, domin mai kaya yana da masu saye a Brazil da dala a hannu. A waccan shekarar maƙwabcina ya bar masara ya koma waken suya saboda taki ya fi ƙarfinsa. In kamfanonin jiragen ruwa suka shigo kasuwar da aljihunsu kafin a gina sababbin masana'antu, ba na jin mai kadada biyu zai iya ja da su.

Saboda haka ina goyon bayan amoniya, amma da sharaɗi, kuma wakilanmu a IMO ya kamata su faɗe shi da babbar murya: kada a kira jirgi mai tsabta sai an ƙirga hayaƙinsa tun daga masana'anta, kuma amoniyar jirgi ta fito daga sabon ginin da rana da iska ke ciyarwa, a bar ta taki inda take. A ƙirga har da iskar naituros da injin ke iya fitarwa idan ƙonewar ba ta cika ba, wadda ta ninka kabon sau 273 wajen riƙe zafi.

Sai maganar guba, wadda masu talla ke wucewa da sauri. A Maris na 1992 tankar amoniya ta fashe a wata masana'antar man gyaɗa a Dakar, mutum 129 suka mutu, sama da dubu suka jikkata. Tankar mota ɗaya ce. Duk wanda ya taɓa ganin cunkoson tireloli a hanyar Apapa, da masu sayar da abinci a gindin tankoki, zai so ya san wa zai horar da 'yan kwana-kwana kafin jirgin farko ya tsaya shan amoniya a can.