Kafin Motar Kwana-Kwana Ta Iso Garinmu

Yawancinmu ɗaliban wannan makaranta ba 'yan birni ba ne. Daga ƙauyuka da ƙananan garuruwa muka fito, inda rumbu yake jingine da danga, danga tana jingine da ɗakin bunu, karan dawa kuma an tara shi a bayan gida domin dabbobi su ci da rani. Duk wanda ya tashi a irin wannan wuri ya san ihun gobara da dare a lokacin hunturu. Maza su fito da bokiti, mata su kwashe yara da kwanuka, samari su hau katanga suna yaye jinkar maƙwabta domin kada wuta ta tsallaka. Kafin gari ya waye abincin shekara guda ya zama toka. Abin da ba mu saba ji ba a irin wannan dare shi ne jiniyar motar 'yan kwana-kwana. Wasunmu sai da suka zo birni karatu suka fara ganin jar motar da idonsu.

Ba sabon aiki ba ne a ƙasar nan. Tun 1901 aka fara shi a Ikko ƙarƙashin 'yan sanda, a 1963 kuma aka yi dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya. Jihohi ma kowace tana da tata. Amma idan mutum ya bi sawun motocin, zai tarar mafi yawansu suna babban birnin jiha da wasu manyan garuruwa ƙalilan. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, kuma kowace tana da kasuwar da take ci mako-mako, da tashar mota, da masu sayar da fetur a jarka a bakin hanya. Wuta ba ta tambaya ko gari hedikwata ne.

To, mu yi lissafi irin na aji. Garin da yake nesa da tasha da kilomita 60, ko da an buga waya nan take, ko da direba yana nan kuma akwai mai a mota, da wuya a iso ƙasa da awa guda a kan irin hanyoyinmu. Ɗakin bunu kuwa mintoci kaɗan yake ɗauka ya cinye, musamman idan iskar hunturu tana kaɗawa. Idan motar ta iso, a ce tana ɗauke da lita 4,000 na ruwa, watau jarka 160 ke nan ta 'yan ga-ruwa. Idan tana fesa lita 500 a minti ɗaya, cikin minti 8 ta ƙare. Daga nan sai a nemi inda za a sake cikawa, a garin da ba famfo, rijiyoyi kuma sun ja baya saboda rani. Wannan shi ne asalin maganar da ake yawan yi cewa 'yan kwana-kwana sun zo ba ruwa. Sau da yawa sun zo da shi, ƙarewa ya yi. A wasu wurare har jifansu ake yi saboda sun makara, kuma mu a ganinmu wannan zalunci ne. Mutumin da aka ba mota ɗaya ya tsare ƙananan hukumomi da yawa, ba shi ya kamata a jefa ba.

Birane ma da suke da motocin ba su tsira ba. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002, kasuwar Sabon Gari ta Kano kuma ta yi asarar dubban shaguna a 2016. Idan haka ta faru a inda tasha take kusa, mai karatu ya auna halin kasuwar ƙauye mai rumfunan zana.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na 'yan shekarun nan. A watan Oktoba na 2024 wata tankar fetur ta faɗi a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa. Jama'a suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, mutane fiye da 150 suka rasu. A Janairun 2025 irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, aka rasa fiye da mutum 80. A Fabrairun 2025 gobara ta kashe almajirai 17 a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda. A ƙetaren iyaka, a 2021, ajujuwan zana sun kama wuta a Yamai da kuma Maraɗi, yara 'yan makaranta da dama suka mutu a kowane wuri. Waɗannan yara sa'o'in ƙannenmu ne.

Gaskiya ita ce, idan tankar fetur ta riga ta fashe a tsakiyar taro, babu motar da za ta ceci waɗanda suke kusa. Amma tsakanin faɗuwar tanka da tashin wuta akan sami lokaci, kuma wannan lokacin shi ne aikin masu horo: su kore jama'a nesa, su hana tayar da babur ko janareta a kusa, su rufe man da ya malala da kumfa ko yashi. Mutane da yawa ba su san cewa ruwa ba ya kashe wutar fetur ba, yaɗa ta yake yi, domin man yana tasowa saman ruwa ya bi shi duk inda ya gangara. Ba su san kuma cewa tururin man ne yake kamawa ba, tun kafin wuta ta taɓa man kansa. Garin da ba shi da ko mutum biyar da suka san wannan, yana cikin haɗari ko da tasha tana kusa. Mun san talauci da tsadar mai tun bayan cire tallafi a 2023 su ne suke tura mutane kwasar fetur, ba ma zagin kowa. Sai dai wanda ya san abin da tururi yake yi zai yi tunani sau biyu kafin ya matsa da bokiti.

Yanzu sai maganar kuɗi, wadda ita ce gaɓar da ake kauce wa. Daga asusun tarayya, kason ƙananan hukumomi kashi 20.6 ne cikin 100, kuma shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Za a ce mana shugaban ƙaramar hukuma yana da albashin malaman firamare da asibitin sha-ka-tafi da gyaran kwalbati a wuyansa, ina zai sami kuɗin motar kwana-kwana? Wannan magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Babbar mota tana da tsada, kuma mun sha ganin motocin hukuma da aka sayo da biki, bayan shekara biyu suna kan duwatsu a harabar sakatariya saboda rashin taya ko batir. Sayen mota ba tare da ware kuɗin mai da gyara da albashi ba, asarar kuɗi ce kawai.

Saboda haka ba babbar mota muke roƙa wa kowane ƙauye ba. Muna ganin nauyin jiha ne ta ajiye cikakkiyar tasha mai mota da kumfa a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, ta fara da garuruwan da suke kan hanyar tankoki. Abin da ya rage kuwa ƙaramar hukuma za ta iya. Tsarin mulki ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota, kuma duk ranar kasuwa ma'aikatanta suna yanka rasit. Me zai hana a ware wani kaso na wannan kuɗin, a ajiye shi a asusun da Sarkin Kasuwa da ƙungiyar 'yan kasuwa suke da ido a kai, a haƙa rijiyar burtsatse da babban tanki a bakin kasuwa? Tankin zai shayar da mutane kullum, ranar gobara kuma a nan mota za ta sake cikawa. A ƙara da injin ban-ruwa irin na masu noman rani, da dogon tiyo, da tankin da tarakta ko a-kori-kura za ta iya ja. Manomanmu sun riga sun iya sarrafa wannan inji, ba sai an kawo wani daga birni ba.

Sannan mutane. Kusan kowane gari yana da 'yan banga da suke kwana a waje suna tsaron ɓarayi. Idan jami'an kashe gobara na jiha suka zo suka horar da goma daga cikinsu na mako guda kafin shigowar hunturu, aka ba su ɗan alawus, gari ya sami masu fara tarar wuta a mintocin farko, waɗanda su ne suke raba asarar ɗaki ɗaya da asarar unguwa. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bayan kowace gobara manya sukan zo jaje da buhunan shinkafa da bandir na kwano, muna kuma godiya, amma da an kashe rabin wannan kuɗin tun kafin wutar, da wataƙila ba a zo jajen ba.

Akwai masu cewa gobara ƙaddara ce. Ba mu musa ba. Amma mai wannan magana yana kulle shagonsa da kwaɗo kowane dare, bai bar shi a buɗe ya ce sata ƙaddara ce ba.

Mu ma nan ba mu fita daga zargi ba. Ɗakunan kwanan makarantun kwana da yawa tagoginsu duk ƙarfe ne, ƙofa ɗaya ce, wasu ɗalibai kuma suna kunna kyandir ko maganin sauro a ƙarƙashin gidan sauro idan an ɗauke wuta. Muna roƙon hukumar makaranta da shugabannin ɗalibai su sa a cika bokitan yashi a ƙofar kowane ɗaki, a rubuta lambar gaggawa ta 112 da ta tashar kwana-kwana mafi kusa a jikin bango, a kuma gwada fitar da mu gaba ɗaya da ƙararrawa sau ɗaya a kowane zango, da dare, domin a ga minti nawa za mu ɗauka.