Filin 'Yan Makaranta: In ka sauka daga babur, ina kake ajiye hular kwanonka?

Yau za mu leƙa arewacin Jihar Jigawa, wato masarautar Gumel da ƙananan hukumominta huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. A wannan yanki babur ne ƙafar mutane. Shi ke kai ɗalibi makaranta, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗauko buhun riɗi daga gona, kuma shi ke ratsa yashin da mota ba ta iya shiga. Mun sha jin nasiha a kan yadda ake hawa da yadda ake tuƙi. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne mintuna biyun da ke biyo bayan an kashe inji: ina za a sa hular kwano, ina rigar ruwa, ina safar hannu, wa zai duba babur ɗin?

Kafin mu yi nisa, mu tuna cewa a Najeriya ba a ba mutum lasisin tuƙi sai ya cika shekara 18. Saboda haka yawancinmu fasinjoji ne, yaya ko baba ko ɗan acaɓa ne ke goya mu. To amma sau da yawa mu ake miƙa wa hula a ce "riƙe min", mu ake bari da gadin babur a bakin kasuwa, kuma mu ne ke shigar da kaya ɗaki da daddare. Ke nan maganar tamu ce.

Me ke cikin hular kwano?

Duk wanda bai san abin da ke cikin hula ba, ba zai san dalilin lallaɓa ta ba. Hula mai kyau tana da sassa huɗu. Akwai ƙoƙon waje mai tauri, wanda ke hana abu mai tsini huda ta, yake kuma baza ƙarfin duka ya watsu. A ƙarƙashinsa akwai farin soso mai ƙarfi, irin wanda muke gani a cikin kwalin sabuwar talabijin, sai dai na hula an fi matse shi. Sai kuma shimfiɗar yadi mai laushi da ke taɓa kai, sannan maɗaurin da ke ratsawa ƙarƙashin haɓa.

Wannan farin soson shi ne mai ceton rai. Idan kai ya bugi kwalta, soson yana lotsewa, sai ya shanye ƙarfin da da ƙwaƙwalwa ce za ta sha. Amma in ya lotse sau ɗaya, ba ya komawa yadda yake. Shi ya sa hular da aka taɓa yin hatsari da ita ta gama aikinta, ko da fentinta yana ƙyalli.

Tarihin hular ya samo asali ne daga wani rashi. A watan Mayun 1935 wani sanannen sojan Ingila, T. E. Lawrence, ya faɗi da babur, ya ji rauni a kai, ya rasu bayan kwana shida. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya duƙufa da bincike a kan raunukan kai na masu babur, har ta kai a 1941 rundunar sojan Birtaniya ta wajabta wa 'yan saƙonta sa hula. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna cewa hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, tana rage na raunin kai da kusan kashi 69.

A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta dokar sa hula a ranar 1 ga Janairun 2009. Iyayenmu za su tuna cewa a makon nan labari ya karaɗe duniya daga Kano: wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka, wasu gwangwanin fenti, don su wuce jami'ai. Muna jin labarin muna dariya, amma hular da rana da fetur suka cinye cikinta ba ta fi ƙwaryar da nisa ba.

Abubuwa uku da ke kashe hula tana ajiye

Na farko rana ce. Wanda ya san Gumel ko Maigatari a watan Afrilu da Mayu ya san zafi yakan haura digiri 40. Hular da ake bari kullum a kan babur daga safe har la'asar, a hankali robarta takan bushe, gam ɗin da ya riƙe sassanta yakan saki, zaren maɗaurin kuma yakan yi rauni. Ba a rana ɗaya wannan ke faruwa ba, shi ya sa mai ita ba ya lura.

Na biyu fetur ne. Mun taɓa ganin masu toshe yoyon kwanon rufi suna jefa farin soso cikin fetur ya narke ya zama gam? To irin soson nan ne a cikin hula. Saboda haka kifa hula a kan murfin tanki kuskure ne, musamman bayan an sha mai wurin 'yan bumburutu an ɗiga a jikin tankin. Haka ma cusa safar hannu ko tsumman goge inji a cikinta, ko ajiye ta kusa da jarkar mai a zaure. Kada kuma wani ya ce zai gwada narkar da soso don ya gani. Fetur da wasa ba sa haɗuwa.

Na uku shi ne rataya da faɗuwa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a saƙala hula a madubi. Gefen madubin yana danna soson a wuri guda, yau da gobe sai ya yi rami, kuma ramin yana daidai tsakiyar kai. Ɗora ta a kan kujera ma ba dabara ba ce: akuya ta gifta, ko wani ya jingina, sai ta faɗo. Faɗuwa ɗaya ta hula da babu kai a ciki ba lallai ta lalata ta ba, amma wadda ke shan ƙasa kowane mako ƙoƙonta yana iya tsagewa ta inda ido ba ya gani.

To ina za a ajiye ta?

Ƙa'ida ta farko mai sauƙi ce: in za ka iya shiga da ita, shiga da ita. A makaranta, a ƙarƙashin tebur ko a kan kanta a bayan aji ya fi a bar ta a filin ajiye babura. Inda ɗalibai da malamai da yawa ke zuwa a babur, shugaban ɗalibai zai iya roƙon hukumar makaranta ta ware katako ɗaya a ɗakin maigadi, kowa ya rubuta sunansa a jikin maɗaurin hularsa. A maɗauri muka ce, ba a jikin ƙoƙon ba, domin wasu nau'o'in fenti da gam suna cin robar.

A kasuwa lamarin ya bambanta. Ranar Alhamis Maigatari takan cika maƙil, domin kasuwarta tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewacin Najeriya. Fatake na zuwa daga Jamhuriyar Nijar da raƙuma da shanu da tumaki, masu saye na zuwa har daga kudancin ƙasar nan. A irin wannan cunkoso babura suna jere kamar an shuka su, yawancinsu launi ɗaya, ƙira ɗaya. Mai ɗauke hula ba ya buƙatar gudu, kifa ta zai yi a kansa ya wuce kamar tasa ce. A nan abin yi uku ne. Ko a rataya ta a hannu ta maɗaurinta a shiga da ita, ko a ba wani mai rumfa da aka sani amana, ko a kai babur wurin masu gadin da ake biya, a nuna musu hular, a karɓi shaidar ajiya in suna bayarwa. 'Yan kuɗin gadi ba su kai kuɗin sabuwar hula ba, balle na babur.

In dole sai an bar ta a jikin babur, a lura da wannan. Wasu babura suna da ɗan ƙugiya mai makulli a gefe don maƙala zoben maɗauri. Yana hana mai wucewa fizga, amma reza ɗaya ta isa ta yanke maɗaurin, kuma hular da aka yanke wa maɗauri ta tashi daga aiki. In hular mai rufe haɓa ce, a zura siririyar sarƙa ko igiyar ƙarfe irin ta kulle keke ta cikin tagar fuska, a zagayo da ita jikin kariya, a sa kwaɗo. A bar bakinta yana kallon ƙasa don kada ruwa ko ƙura su taru a ciki, a kuma tabbatar ba ta taɓa salansa ba.

A masallaci ko gidan biki, inda ake barin takalma a ƙofa, kada a ajiye hula cikin takalman. A shiga da ita a sa a gefe inda ba za ta tsare wa kowa hanya ba.

A gida kuwa, wurinta kan kanta ne ko saman akwati, a inuwa, inda iska ke shiga. A ɗaga gilashin don gumi ya bushe. Kada a bar ta a ƙasa: ɓera yana son gwiguyar soso, kunama kuma tana son duhu. Duk hular da ta kwana a ƙasa, a juya ta a kakkaɓe, a leƙa ciki kafin a sa.

Sauran kayan

Da hunturu ƙura takan lulluɓe gilashin hula da tabarau. Kada a goge da gefen riga a bushe, domin ƙurar nan yashi ce, kartar gilashin take yi. A fara zuba ruwa, sannan a goge da tsumma mai laushi. Gilashin da ya karce yana warwatsa hasken fitilar motar da ke tahowa da dare, sai mai tuƙi ya kasa ganin rami ko jakin da ke tsallaka titi.

Da damina, rigar ruwa ba a naɗe ta da danshi a cusa ƙarƙashin roba. Za ta yi wari, ta yi fumfuna. A shanya ta a inuwa, kuma kada a yafa ta a kan inji ko salansa da aka sauko yanzu, nan take za ta narke. Safar hannu da rigar sanyi a sa su a jaka a shiga da su. Ƙananan kaya su suka fi saurin ɓata domin babu mai tambayar wanda ya ɗauka.

Takardun babur kuma kada a bar su a jikinsa. In ɓarawo ya samu babur da takardunsa, an sauƙaƙe masa sayarwa, ga shi a Maigatari iyakar ƙasa tana nan kusa. A rubuta lambar inji da lambar jikin babur a littafi a gida, a ɗauki hoton takardun da waya. Ranar da za a kai rahoto wurin 'yan sanda, waɗannan lambobin za a fara tambaya. Shi kansa babur ɗin, a kulle wuya, a zare makulli ko da ruwan leda za a saya, a ƙara da sarƙa a taya, a ajiye shi inda idon mutane yake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hular aro da hular da ta tsufa

Mutane da dama suna ƙyamar hular da kowa ke sawa, saboda gumi da ƙwarƙwata da makero. Ƙyamar tana da dalili, amma maganinta ba shi ne hawa da kai a buɗe ba. A sa siririyar hula ko ɗankwali mai tsafta a ciki. 'Yan mata su lura kada ɗaurin gashi ya ɗage hular sama, kuma a tattare gefen hijabi don kada taya ta kama shi. Shimfiɗar ciki, in mai cirewa ce, a wanke ta da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa.

Kamfanoni da yawa suna ba da shawarar a canza hula bayan kimanin shekara 5 ana amfani da ita. Ko ba ta kai haka ba, a rabu da ita idan an yi hatsari da ita, ko ƙoƙon ya tsage, ko soson ya fara marmashewa, ko maɗaurin ya daina kamawa. A guji sayen ta hannu a kasuwa, domin ba mu san abin da ta gani ba, kuma mai yiwuwa daga kan babur ɗin wani aka ɗauke ta. Wanda ke sayen kayan sata shi ke ba ɓarawo aikin yi.

Aikin wannan mako

Kowannenmu ya ɗauko hular da ke gidansu ya duba abu huɗu: ƙoƙo, soso, gilashi da maɗauri. Sannan ya samar mata wurin zama na dindindin, nesa da rana da jarkar mai. In ta yaya ce ko ta baba, a nuna musu abin da aka gani cikin ladabi. In kuma babu hula sam a gidan alhali akwai babur, to a ɗauko zancen yau bayan cin tuwon dare.

Ku rubuto mana yadda ake ajiye babura da kayansu a makarantunku, musamman ku na Gagarawa da Sule Tankarkar da ƙauyukan da ke kewaye. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.