Wa Aka Wanke wa Ƙwaƙwalwa?

Ya 'yan'uwa Musulmi, kalmar Turancin nan, brainwash, haɗin kalma biyu ce: ƙwaƙwalwa da wanki. Ɗan jaridar Amurka, Edward Hunter, ya yayata ta a 1950, yana nufin yadda 'yan gurguzun Sin ke tilasta wa mutum sauya aƙida. Daga baya Turawa suka riƙa faɗarta har a kan talla mai ruɗin masu saye.

Yau wasu 'yan boko sun mai da ita makami: yarinya ta sa hijabi, sai su ce an wanke mata ƙwaƙwalwa. Alhali da hujja muke kira, ba da tilas ba. To, mai jin kunyar addininsa da harshensa, wa ya wanke tasa? Allah Ya ganar da mu, amin.