Batun Takarar Jonathan: Mu Duba Doka Kafin Mu Duba Fuska



Kwanakin nan duk majalisar da ka zauna a Bukan Sidi, daga teburin mai shayi har ƙofar masallaci bayan isha'i, sai ka ji an taɓo zancen zaɓen 2027, kuma cikin zancen sai sunan tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan ya fito. Wani ya ce a zamaninsa buhun shinkafa bai fi ƙarfin talaka ba, wani ya tuno masa da bama-baman Boko Haram. Ni ba a nan hankalina yake ba. Tambayar da ya kamata mu fara yi ita ce: shin doka ta ba shi damar sake tsayawa?

Ga yadda lamarin yake. Tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa wa'adin shekara huɗu, kuma sashe na 137 ya hana wanda aka zaɓa sau biyu sake neman kujerar. Jonathan sau ɗaya aka zaɓe shi, a 2011. Amma sau biyu ya yi rantsuwar kama aiki: ta farko ranar 6 ga Mayu 2010, kwana ɗaya bayan rasuwar Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah Ya jiƙansa, ta biyu kuma ranar 29 ga Mayu 2011. A 2015 ya sha kaye a hannun Muhammadu Buhari ya miƙa mulki. Bayan haka, a 2018, Buhari ya sa hannu a kan gyaran da ya ƙara sakin layi na uku a sashe na 137, wanda ya ce duk wanda aka rantsar don ya ƙarasa wa'adin wani, ba za a zaɓe shi fiye da sau ɗaya ba. An yi wa gwamnoni irin wannan tanadi a sashe na 182.

A nan lauyoyi suka rabu. Wasu sun ce doka ba ta komawa baya, don haka gyaran 2018 bai shafi rantsuwar 2010 ba. Babbar Kotun Tarayya da ke Yenagoa ta bi wannan fahimta a watan Mayun 2022. Wasu kuma sun ce zaɓen da ake magana a kansa a gaba yake, kuma da dokar yau za a yi shi. Suna kafa hujja da hukuncin Kotun Ƙoli na Janairun 2012, wanda ya sauke gwamnoni biyar, har da Murtala Nyako na Adamawa da Aliyu Wamakko na Sakkwato, bayan sun nemi a fara ƙirga wa'adinsu daga rantsuwa ta biyu da suka yi sakamakon sake zaɓe. Abin da kotun ta nuna shi ne tsarin mulki bai yi nufin kowa ya wuce shekara takwas ba. Jonathan ya yi biyar. Idan ya ƙara huɗu, tara ke nan.

Ra'ayina shi ne fahimta ta biyu ta fi kusa da manufar dokar. Amma ni ba alƙali ba ne, kuma hukuncin Yenagoa ba shi ne na ƙarshe ba. Kotun Ƙoli ce kaɗai za ta iya rufe wannan baki, kuma ya fi mana alheri a warware shi kafin a kaɗa ƙuri'a. Ku yi tunanin miliyoyin mutane sun sha rana a layi, an sanar da sakamako, sannan kotu ta ce tun asali ɗan takarar bai cancanta ba. Wa zai iya kwantar da hankalin jama'a a ranar?

Abin da ya fi damuna shi ne hujjar da nake ji daga bakin wasu 'yan uwanmu na Arewa. Cewa suke yi a goya masa baya don shekara huɗu kawai zai yi, mulki ya dawo mana da wuri. Wato dokar da muke neman kawar wa kai a yau, ita muke dogaro da ita ta sauke shi gobe. Wanda ya taimaka aka buɗe wa doka ƙofar baya, da wane baki zai yi magana ranar da wani ya bi ta ƙofar?

Mu Hausawa mun san kalmar tazarce tun ba yau ba. A 1998 jam'iyyu biyar ɗin da ake da su duka suka tsayar da Janar Sani Abacha. A 2006 aka kawo ƙudurin ba Olusegun Obasanjo wa'adi na uku, Majalisar Dattawa a ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da shi ranar 16 ga Mayu. A maƙwabciyarmu Nijar, Tandja Mamadou yana da farin jini sosai a wurin talakawa, magoya bayansa suka ce a bar shi ya ƙarasa ayyukan da ya faro. A 2009 ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki, ya shirya ƙuri'ar raba gardama da ta ƙara masa shekara uku. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka kifar da shi. Ba ina cewa Jonathan tazarce yake nema irin nasu ba, mutumin da ya amince da kaye ya cancanci a yi masa adalci. Abin da ya haɗa su shi ne a kowane lokaci masu kiran suna cewa wannan mutumin daban ne, a ɗaga masa ƙafa. Alhali iyakar wa'adi an yi ta ne don shugaban da ake so, tunda wanda ba a so ƙuri'a ta ishe shi.

Mu duba gida. Abdullahi Adamu ya yi shekara takwas daga 1999 ya sauka. Aliyu Akwe Doma ya yi huɗu, jama'a suka sauya shi da Umaru Tanko Al-Makura a 2011, shi ma ya yi takwas ya tafi. Injiniya Abdullahi Sule zai kammala nasa a 2027. Kowannensu yana da masoyan da za su so ya zarce, amma jihar Nasarawa ba ta tsaya ba don ɗayansu ya bar gidan gwamnati na Lafiya.

Don haka roƙona gare mu shi ne, idan ɗan siyasa ya zo unguwa neman goyon baya ga kowane ɗan takara, mu tambaye shi matsayin ɗan takararsa a gaban doka kafin ya fara lissafa mana alƙawura. Matasanmu masu rubutu a Facebook su karanta sashe na 137 da idonsu, gajere ne. Sannan ma'aunin da muke auna shugaban ƙasa da shi, mu auna kanmu da shi a ƙungiyoyinmu na unguwa da na kasuwa, inda wani shugaban kan shekara goma ba a kira zaɓe ba.

Allah Ya zaɓa mana shugabanni nagari, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.